Wa Kika Kalla, Safiyyah?

Daminar da sojoji suka koma bariki, afolo ya shigo Kano da ƙarfinsa. Ciwon idon nan ne da mutum zai kwanta lafiya lau ya tashi da ido jajir, kwantsa ta liƙe masa fatar ido, hawaye na zuba ba a yi masa mutuwa ba. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni duk inda ka juya baƙin gilashi ne. Mai shayi da gilashi, ɗan acaɓa da gilashi, ladan ma da nasa yake kiran salla. Kuma kowa ya san yadda ake kamuwa, ko in ce kowa ya ɗauka ya sani: da ka haɗa ido da mai ciwon, shi ke nan ka kwasa. Sai ka ga dattawa biyu sun riƙe hannun juna gam suna ta ina gajiya ina iyali, wannan yana kallon kwata, wancan yana kallon wayar lantarki.

Malam Habibullah akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yana haya a wani ɗan gida a Gyaɗi-Gyaɗi, shi da matarsa Safiyyah. Mutum ne mai tsafta, ba ya wasa da salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda, kishi. Ba irin na ihu da fasa kwano ba, nasa mai shiru ne. Da shi yake karyawa, da shi yake tafiya ofis, ya goyo shi a bayan babur ɗinsa Basfa su dawo gida tare. Kishin nan kuma har suna gare shi, Rabi'u.

Rabi'u maƙwabcin su Safiyyah ne a Tarauni, kuma ya riga Habibullah zuwa zance wurinta. A lokacin ɗan kamasho ne a tasha. Da aka zo maganar aure, Safiyyah da bakinta ta gaya wa mahaifinta Habibullah take so. Wani mijin in ya ji haka sai ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Shi kuwa gogan sai ya ƙudurce a ransa cewa albashi ta zaɓa, ba shi ba. Abin da ya riƙa rarrashin kansa da shi shekara da shekaru shi ne, ko ba komai Rabi'u yana can bakin tasha yana fasa maƙogwaro a kan fasinjan Wudil. Kwatsam sai siyasa ta dawo. Rabi'u, mai baki kamar rediyo, ya tsaya takara ya ci kansila. Ga Fijo, ga direba, ga Onarabul an liƙa masa a gaban suna.

"Ni dai ƙafata ba za ta taka gidan yaron tashar nan ba," in ji Habibullah wata rana, ba wanda ya tambaye shi.

"To, Malam," Safiyyah ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ko wannan "to" ɗin sai da ya juya ta a ransa har ya isa ofis. Me ya sa ba ta tambayi wane yaron tasha ba?

Ba a jima ba aka ji Onarabul na kwance, afolo ya kama shi. A daidai lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin cewa sababbin shugabanni za su yi wa ma'aikata garambawul, a tura wasu inda ba sa so. Mutanen ofis suka haɗa kai za su je dubiya bayan an tashi. Habibullah ya ce yana da uzuri. Da ya ga har masinja ya gyara hula zai bi su, sai uzurin ya tafi.

Falon Rabi'u cike yake da jama'a, kowa kansa a sunkuye kamar masu neman allura. Maigidan na hakimce a kujera, yana ɗaga gilashi yana goge hawaye da hankici yana mayarwa. Habibullah ya kafa wa kafet ido. Da layi ya zo kansa ya rusuna, ya kama hannun Rabi'u da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara sauƙi. Habibullah ne, daga ɓangaren ma'aikata."

Ya riƙe hannun ya ƙi saki, don a tabbatar an san ya zo. Hannun da ɗan danshi. Ya fito yana yaba wa kansa: ya yi dubiya, kujerarsa ta tsira, kuma bai yarda ya kalli idon mutumin nan ko sau ɗaya ba. Abin da ya rage kawai kada Safiyyah ta ji.

Ya iso gida hadari ya haɗo, ya tarar da ita tana ta sauri tana kwashe shanya. Iska ta taso ta watsa mata wani abu a ido.

"Wayyo, Malam, zo ka hure min!"

Ya jingine Basfa, ya tallabi fuskarta, ya buɗe mata fatar ido da yatsu ya hura. Abin bai fita ba, sai da ya sa kan ɗan yatsa ya lakato shi. Ɗan ƙwaro ne. Ta ƙifta ido tana dariya.

"Yau ofis ya riƙe ku."

"Aiki ne ya yi yawa," ya ce, ya ɗauki buta.

Bayan 'yan kwanaki Safiyyah ta tashi da idon hagu a liƙe. Kafin azahar ya yi jajir, washegari na dama ya bi sahu. Da fari tausayi ne ya kama shi, har ya biya kasuwar Tarauni ya saya mata gilashi. A hanyar dawowa ne shaiɗan ya hau bayan Basfar. A lungunsu babu mai afolo ko ɗaya, ya sani, don shi ne mai bin maƙwabta da gaisuwa. Mai kawo musu ruwa idonsa fari tas. Shi kansa lafiyarsa ƙalau. To ina ta samo? Sai ya tuna a makon da ya wuce ta je suna gidansu a Tarauni, kuma gidan su Rabi'u katanga ɗaya ce ta raba su.

Daga nan fa zuciya ta shiga yi masa majigi. Ya ga Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Ya ga Rabi'u ya fito da babbar riga. Ya ga ya cire gilashin, don ai ba a ɗaukar ciwon ta cikin gilashi, sai ido tsirara. Wato cirewa ya yi don ya gan ta da kyau, ita kuma ta tsaya. Kuma ba kallo na wucewa ba, don shi a fahimtarsa sai an ɗan jima ana kallon juna ciwon ke samun damar tsallakawa. Kafin ya iso gida ya yanke hukunci, ya ɗaukaka ƙara, ya sake tabbatar da hukuncin.

Ya same ta a tsakar gida tana dafe ido da tsumma mai ɗumi. Ya ajiye mata gilashin a kan tabarma, ya tsaya a kanta yana kallon bango.

"Wa kika kalla, Safiyyah?"

"Na'am?"

"Ciwon nan ba daga sama yake faɗowa ba. Wa kika kalla?"

Ta yi 'yar dariya, ta ɗauka zolaya ce. "Malam, gidan suna fa na je. Mata sun fi a ƙirga."

"Akwai mai afolo a cikinsu?"

"Ban lura ba."

"A maƙwabta fa?"

Sai a nan ta gane. Ta sauke tsumman a hankali. Idon ya kumbura har ba ta iya buɗe shi sosai, amma ta ɗago ta fuskance shi, shi kuwa ya ƙara kawar da kai.

"Malam, me kake nufi? Faɗe shi da bakinka."

"Ke kika san abin da nake nufi."

"Rabi'u kake nufi."

Jin sunan a bakinta ya ƙone shi fiye da komai. Ga shi kuwa, ya ce a ransa, ko laluben sunan ba ta yi ba. Ya ce in tana da gaskiya ta rantse. Ta tashi tana lalube ta yi alwala, ta shiga ɗaki ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa.

"Na rantse da wanda ya saukar da wannan, tun ranar da aka kawo ni gidanka ban haɗa ido da Rabi'u ba. Ko motarsa ban sani ba." Hawaye na zuba, ba ka iya raba na ciwo da na baƙin ciki. "Ka ji daɗi?"

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma kishi ba ya ƙoshi da rantsuwa. Habibullah ya ce a ransa rantsuwa daban, ido daban, ga shi nan jajir yana ba da shaida. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, ya ware kwanonsa da butarsa. Da ta ce tana so ta je asibiti ya ce babu inda za ta. Yana jin tsoron a gan ta a hanya da gilashi, wani ɗan sa ido ya haɗa lissafin da shi ya haɗa, a mai da shi abin dariya a majalisa. Wani a ofis ya ce masa ruwan sukari na maganin abin, sai ya jiƙa a kofi ya riƙa ajiye mata a bakin ƙofa. Ita kuma ta riƙa ɗigawa, tunda shi aka ba ta.

Idon dama ya fara sauƙi. Na hagu kuwa sai abin da ya yi gaba. Ta daina fitowa tsakar gida da rana, don haske na soka mata ido kamar tsinke. Girki ma sai ta rufe idon da ɗankwali take yi. Yana jin motsinta daga falo, yana jin lokacin da ta yi tuntuɓe da turmi, zuciyarsa ta ce tashi, kishi ya ce zauna. Kuma ya zauna. Shi dai ciwon bai kama shi ba, wannan ma ya ƙara masa tabbacin cewa shi ne mai gaskiya a gidan.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga Yaya Jamila, yayar Safiyyah, wadda ke aikin jinya a sashen ido na asibitin koyarwa. Shirun ƙanwarta ne ya yi mata yawa. Ta shiga ɗaki, ba a jima ba ta fito da kofin ruwan sukari a hannu, ƙudaje na bin sa.

"Malam Habibu, mene ne wannan?"

"Magani ne, Yaya."

"Koko ne idon nata da za ka zuba masa sukari? Yarinya na gani dishi-dishi, baƙin idonta ya fara tabo, kana zaune kana karanta jarida! Me ya hana ka kawo ta asibiti?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne inda ta samo, tunda sai an haɗa ido ake ɗauka.

Jamila ta dube shi sama da ƙasa. "Da kallo ne da mu da ke leƙa idon mutane tun safe har yamma mun daɗe da ƙarewa. Hannu ne, Malam. Mai ciwo ya goge ido ya ba ka hannu, kai kuma ka kai naka ido. Ko tawul, ko hankici, ko tsinken kwalli. Sabulu kawai ake bukata." Ta juya wajen ƙofar ɗaki. "Safiyyah, kin yi aron kwalli a gidan suna?"

"A'a, Yaya."

"Wani ya taɓa miki ido?"

"Babu kowa. Sai dai Malam, ranar da ƙwaro ya faɗa min."

Habibullah ya tuna danshin hannun nan na Rabi'u. Ya buɗe baki, sai kawai ya ji kansa yana cewa, "Ai mu ma'aikata, hannun da muke kamawa a rana ba ya ƙirguwa." Jamila ba ta bi ta kansa ba, ta ce Litinin da sassafe ya kawo ta, in ba haka ba ita za ta zo ta ɗauke ta da kanta.

Tsakanin Asabar da Litinin ya sami dama ba sau ɗaya ba ya gaya wa Safiyyah gaskiya. Ya je bakin ƙofarta ya dawo. Abin da ya tokare shi ba zargin da ya yi mata ba ne, a'a. Kada ta san ya rusuna wa Rabi'u, wannan ne ba zai iya haɗiyewa ba.

Sashen ido ranar Litinin kamar kasuwa. Benci-benci cike da masu baƙin gilashi, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Suna zaune, Safiyyah ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, Jamila na tsaye a kansu da katin ganin likita, sai aka ji hayaniya daga ƙofa. Onarabul ne ya zo a sake duba shi, da 'yan rakiyarsa. Habibullah ya sunkuyar da kai yana addu'ar ƙasa ta tsage. Ina! Ɗan siyasa ba ya wuce fuskar da ya sani.

"A'a, Malam Habibu! Kai ma ya kama ka ne?" Muryar Rabi'u har ƙarshen baranda. "Wallahi tun ranar da kuka zo min dubiya nake tunaninka. Likita ya ce min ta hannu ake ɗauka, na ce wayyo bawan Allahn nan da ya riƙe hannuna ya ƙi saki! Na gode fa, na gode da zumunci."

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe," Habibullah ya ce da wata 'yar murya. "Iyali ce."

Rabi'u ya ɗan waiga wajen matar da ke lulluɓe. "Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe." Ya wuce abinsa yana ɗaga wa mutane hannu. Bai gane ta ba. Ko alamar ya tuna wa Habibullah ke aure babu a fuskarsa.

Jamila ta buɗe baki, Safiyyah ta kama gefen rigarta ta girgiza kai. Can aka kira su. Likita ya duba ya ce ciwon ya taɓa baƙin idon hagu, ya bar ɗige-ɗige. Ya ce za su dushe a hankali, wata da watanni, wataƙila kuma wani abu ya saura. Ya yi faɗa a kan sukari, ya rubuta maganin ɗigawa.

A bakin ƙofar asibiti Habibullah ya tayar da Basfa ya jira ta hau. Ta tsaya a gefen yayarta.

"Ranar da ka hure min ido," ta ce, "daga gidansa kake?"

"Safiyyah, bari mu je gida in yi miki bayani."

"Ka ce min aiki ne ya yi yawa. Ka sa na dafa Alƙur'ani, Malam."

Jamila ta tare musu tasi, suka nufi Tarauni.

Biko ya ɗauke shi lokaci. Ya je shi kaɗai, ya je da kawunsa, ya zauna a zauren Alhaji Usman, mahaifinta, ya faɗi laifinsa tun daga tushe kansa a ƙasa. Kuma ko a cikin zauren nan, Allah ya shirye shi, kunnensa na kan katangar maƙwabta ko zai ji tsayuwar Fijo. Dattijon ya yi masa wankin babban bargo, sannan ya shiga ciki ya yi wa 'yarsa nasiha. Da kaka ta yi, Safiyyah ta dawo ɗakinta.

Ta dawo da ladabin da bai taɓa gani ba. Ruwan wanka kafin ya nema, hula a goge, abinci a kan lokaci. Idon ya washe, jan ya tafi, sai ɗan dishi-dishin da take cewa tana gani in rana ta take. Habibullah ya yi hamdala, ya ɗauka magana ta wuce. Sai da aka kwana biyu ya lura da abin da ya canja. Safiyyah, wadda tun suna zance take kallonsa tsakar ido in tana magana har ya riƙa jin kunya, yanzu in ya shigo sai ta duƙar da kai. In ya yi magana ta amsa wa tabarma. Mai ruwa ya zo ta juya baya, mai gwanjo ya yi sallama ta amsa daga bayan labule. Ba ta kallon kowane namiji, kuma ba ta cire shi daga cikinsu ba.

Ya yi rarrashi, ya sayo atamfa, ya ba da labarin ban dariya daga ofis. Takan yi murmushi, amma wa faifan da ke hannunta.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar Jamila ta zo. Tun daga zaure ya jiyo dariyarsu. Ya tsaya ya leƙa. Safiyyah na zaune ta tasa yayarta a gaba, ta buɗe ido tar a kan fuskarta, tana ba ta labari da hannu da gira, idon nan na sheƙi da sabon kwalli. Wani kishi ya turnuƙe shi wanda ya fi na Rabi'u ɗaci, kishin Jamila, kishin kazar da Safiyyah ta waiga ta harara, kishin duk abin da ke tsakar gidan. Ya daɗe a tsaye yana satar kallon matarsa kamar baƙo. Da ya yi sallama, kan ya sunkuya.

Bayan Jamila ta tafi ta kawo masa abinci ta durƙusa tana zubawa.

"Safiyyah," ya ce. "Don girman Allah ki ɗago ki dube ni."

Ta gyara murfin kwano, ta matso masa da ruwan wanke hannu da sabulu.

"Ina jin ka, Malam," ta ce. "A ci lafiya."

Ta miƙe ta koma madafa, shi kuma ya zauna da tuwo a gabansa har tuwon ya huce.